FASHIN BAƘI: Wane ne ke tsaron unguwa a Dutse da Jigawa ta Tsakiya?

Tun daga ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da aka yanke Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano aka mai da Dutse babban birni, garin yake ta bunƙasa. Unguwanni irin su Takur, Gida Dubu da Ɗanmasara sun cika da ma'aikata, sannan Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 ta kawo ɗalibai daga sassan ƙasar nan. Garin da kowa ya san gidan kowa ya koma wanda maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba. A irin wannan yanayi, tsaron unguwa ya rataya ne a wuyan ɓangarori da dama, kuma ba dukkansu doka ta ba ƙarfi iri ɗaya ba.

Mafi daɗewa shi ne tsarin sarauta. Mai unguwa na kai rahoto ga dagaci, dagaci ga hakimi, hakimi kuma ga fadar Sarkin Dutse da ke Garu, inda Alhaji Hamim Nuhu Sanusi ya gaji mahaifinsa a 2023. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi 7: Dutse, Kiyawa, Jahun, Miga, Birnin Kudu, Buji da Gwaram. A zamanin En'e sarakuna na da ƴan doka da kotuna da gidajen yari. Mulkin soja ya karɓe waɗannan a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya rage sauran ikon. Abin da ya saura a hannun mai unguwa shi ne sani: wa ya kama haya, wane baƙo ya sauka, wace rigimar iyakar gona ke shirin zama faɗa. Tsarin mulkin 1999 bai ba shi wani aiki a rubuce ba, amma duk ranar da abu ya ɓaci, ƙofarsa ake fara ƙwanƙwasawa.

Ikon bincike da gurfanarwa na ƴan sanda ne. Sashe na 214 na tsarin mulki ya ce rundunar ƴan sanda ɗaya ce tak a Najeriya, don haka shugaban ƙaramar hukuma ba ya ba baturen ƴan sanda umarni, ko da shi ke sayen man motar sintiri. Gwamna ma, a ƙarƙashin sashe na 215, kwamishinan ƴan sanda na iya neman a miƙa umarninsa ga Shugaban Ƙasa kafin ya aiwatar.

Don cike wannan giɓi aka kafa Kwamitin Hulɗar Ƴan Sanda da Jama'a, wato PCRC, a 1984. A 2004 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin tsaro tare da al'umma da tallafin Birtaniya, kuma Jigawa na cikin jihohin da aka fara gwada shi. A Agustan 2020 Shugaba Buhari ya amince da naira biliyan 13.3 domin shirin, wata guda bayan haka ya sa hannu a sabuwar Dokar Ƴan Sanda, wadda ta maye gurbin ta 1943. Dokar ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma tun daga matakin jiha har zuwa na ofisoshin ƴan sanda na yanki. Wannan shi ne abin da matasa suka fi buƙatar sani: zaman jama'a da ƴan sanda a teburi ɗaya ba alfarma ba ce, tanadin doka ne. Kowane mazaunin Kiyawa ko Jahun na da hujjar tambayar su wa ke cikin kwamitin yankinsa, wa ya zaɓe su, kuma yaushe suka yi zama na ƙarshe. Kwamitin da aka cika da ƴan gaban goshin shugaban ƙaramar hukuma, babu mata babu matasa, sunansa kawai kwamiti.

Sai ƴan sintiri, waɗanda su ne ke kwana a waje da tocila da gora. Yawanci magidanta ne ke haɗa musu kuɗi gida-gida, wani lokaci ƙaramar hukuma ta ƙara ɗan alawus. Amfaninsu a fili yake wajen hana satar babura da dabbobi da fasa shaguna, musamman a garuruwan kasuwa irin su Shuwarin da Sara, da ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu masu iyaka da Bauchi. Sai dai doka ta ɗauke su kamar kowane ɗan ƙasa: suna iya kama wanda suka samu yana aikata laifi, amma dole su miƙa shi ga ƴan sanda ba da ɓata lokaci ba. Ɗaure mutum a ofishin sintiri a yi ta jibga har ya amsa laifi, laifi ne mai zaman kansa. Su ma ƴan sandan, dokar 2020 ta hana su kama uba ko ƙane a madadin wanda ake nema, ta kuma hana kama mutum kan bashi ko saɓanin ciniki.

Hisba da Hukumar Manoma da Makiyaya ta jihar sun fi ƙarfi a ɓangaren sulhu. Aikin ta biyun yakan tsananta da kaka, lokacin da garken shanu ke gangarowa amfanin gona na yashe a fili.

Ranar 1 ga Agusta, 2024, an ga iyakar wannan tsari. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe a Dutse, aka cinna wa sakatariyar APC wuta, Gwamna Umar Namadi ya sa dokar hana fita ta awa 24. Waɗanda suka cika titi a ranar galibi matasa ne, wato rukunin da ake yawan tattaunawa a kansu a tarukan tsaro, amma ba safai ake zama da su ba. Daga baya gwamnan ya ɓullo da shirin Gwamnati da Jama'a, inda yake zagaya ƙananan hukumomi yana sauraron koke. Taro ne mai amfani, amma na yini guda ne, rigimar unguwa kuwa kullum ce.

Batun kuɗi ma bai warware ba. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Wannan ya sa tambayar nawa ƙaramar hukumar Dutse ko Buji ke kashewa kan fitilun titi da alawus ɗin ƴan sintiri ta zama tambayar da kansila ya kamata ya amsa a mazaɓarsa, da takardar kasafi a hannu.