Yadda Na'ura Ta Koyi Jin Magana

Ana yawan ƙorafi cewa wayar da ke rubuta maganar Bature tsaf, da Bahaushe ya buɗe baki sai ta kwafsa. Wasu na cewa Hausar ce ke da wuya. Ni ban yarda ba, kuma tarihin abin ne hujjata.

A 1952 injiniyoyin Bell Labs a Amurka suka ƙera Audrey, na'urar da ke gane lambobi daga sifiri zuwa tara, shi ma sai daga bakin wanda ta saba da shi. A 1962 IBM ta nuna Shoebox mai gane kalmomi 16. Daga nan aka daɗe ana lalube.

A shekarun 1970 aka sauya hanya. Fred Jelinek da abokan aikinsa a IBM suka daina wahalar koya wa kwamfuta nahawu. Sai suka riƙa ɗura mata magana da rubutu, tana ƙiyasta kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Zuwa 1997 manhajar Dragon NaturallySpeaking ta fito, ba sai mutum ya riƙa tsayawa bayan kowace kalma ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne dabarar Google ta 2007. Ta buɗe layin GOOG-411, Ba'amurke ya kira kyauta ya tambayi lambar shago ko gidan abinci. Shi yana murnar ya samu banza, alhali muryarsa ake tarawa. A 2010 aka rufe layin, buƙata ta biya. Daga nan manhajoji masu amsa umarnin murya suka fito: Siri ta shiga iPhone a 2011, Alexa ta biyo a 2014.

Masu cewa ƙarfin kwamfuta da ƙirƙirarriyar basira ne suka kawo ci gaban ba su yi ƙarya ba, sai dai injin niƙa komai ƙarfinsa sai an zuba masa hatsi. Manhajar gane magana ta Whisper da OpenAI ta fitar a 2022 an horar da ita da sautin awa 680,000, kusan kashi biyu cikin uku na Turanci ne zalla. Akwai Hausa a ciki, amma rabonta bai taka kara ya karya ba.

Ba magana muka rasa ba. Gidajen rediyo cike suke da ita, ga saƙonnin murya da muke turawa a WhatsApp safe da yamma. Wadda aka naɗa tare da rubutunta ce ke ƙaranci. Shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin Hausa. Basakkwace da Bakano da Badamagare, maza da mata, kowa ya je ya karanta ko da jimla goma ce.