Maigida Shi Ne Bankinmu Na Farko A Yerwa

Duk wanda ya tashi a Shehuri ya san daga fadar Shehu zuwa Hausari tafiyar ƙafa ce. Wannan maƙwabtaka kuwa ta samo asali tun 1907, lokacin da Shehu Abubakar Garbai ya dawo da fadarsa Yerwa, aka yanka unguwanni, kowace jama'a da tata. Barebari suka kira mu Afuno, mu kuma muka baje kolinmu a gefensu.

Kakanninmu ba da jari suka zo ba. Wasu fatake ne daga Kano da Katsina, wasu almajirai ne masu neman karatun Alƙur'ani wajen malaman Barno, wasu kuma maniyyata ne da suka nufi gabas a ƙafa, guzuri ya ƙare musu a nan. To, yaya aka yi suka kafu?

Amsar ita ce maigida. Baƙo ya sauka gidansa, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali. In mai saye ya ɗauki shanu ko goro bashi, maigida ne ke tsayawa. In ya ƙi biya, shi zai biya daga aljihunsa. Ba takarda, ba sa hannu. Abin da yake samu la'ada ce, da kuma suna, wanda ya fi la'adar tsada, domin maigidan da aka ce ya ci amana sau ɗaya, fatake sun daina sauka gidansa ke nan har abada. Yaron da ya yi shekaru yana hidima kuwa, ran da za a yaye shi akan damƙa masa jari ya buɗe nasa teburi, sau da yawa har da aure. Mata a cikin gida suna nasu adashin, da shi ake sayen tukunyar ƙosai ko kayan ɗakin 'ya.

Da jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964, wannan tsari ya miƙe har Kudu. Shanu da bandar Baga suka riƙa tafiya Ibadan da Ikko, goro yana dawowa, can ma a hannun masu gida Hausawa na Sabo. Gwamnati ta kafa Bankin Jama'a a 1989 don ƙananan 'yan kasuwa, amma a ganinmu bai taɓa kai ƙafar maigida ba, tunda banki bai san uban kowa ba.

Gwajin gaske ya zo daga baya. Rikicin da ya fara a 2009 ya tare hanyoyin Baga da Gamboru. Kasuwar Litinin ta ƙone a Fabrairun 2023, sannan ambaliyar Alau ta Satumban 2024 ta shiga Shehuri da Gwange har cikin fada. Tallafi ya zo, ba mu raina ba. Amma da yawa daga cikin waɗanda suka sake buɗe rumfa, kaya bashi suka karɓo daga Kantin Kwari da Singa a Kano, bisa sanayyar da iyayensu suka bari. Abin tambaya ga ƙungiyarmu shi ne: gidaje nawa suka rage a unguwar nan da baƙo zai sauka a tsaya masa?