Arrowtown: Garin Zinariya da Hanyar Bakin Koginsa

Arrowtown ƙaramin gari ne a lardin Otago, cikin tsibirin kudu na ƙasar Niyu Zilan, kimanin kilomita 20 daga Queenstown. Yana zaune a kan wani tudu mai shimfiɗaɗɗen kai a gindin duwatsu, kogin Arrow kuma na gudana ta ƙarƙashinsa kafin ya je ya faɗa kogin Kawarau. Mazaunansa a yau ba su wuce dubu uku ba, amma baƙin da ke zuwa a shekara sun ninka haka sau da yawa. Abin da ke kawo su shi ne tsohon titin kasuwa na zamanin haƙar zinariya, da itatuwa masu sauya launi, da wata 'yar hanyar ƙafa ta bakin kogi wadda yaro da tsoho za su iya gamawa cikin sa'a guda. Wanda ya bi wannan hanya da idon basira zai fahimci yadda aka kafa garin, da waɗanda suka zauna a saman tudu, da waɗanda aka bar wa gindinsa.

Kafin zinariya

Tun kafin Turawa su iso, Mawori, 'yan asalin ƙasar, sun san wannan kwari. Ba su yi zaman dindindin a cikinsa ba saboda tsananin sanyi, sai dai sukan ratso shi lokacin ɗumi don farautar tsuntsaye, ko a kan hanyarsu ta neman koren dutsen nan mai daraja da suke kira pounamu. Sunan kogin a wurinsu Haehaenui. A shekarar 1860 wani Bature mai suna William Rees ya kama makeken fili a gefen tafkin Wakatipu ya fara kiwon tumaki, kuma kwarin Arrow na cikin yankin da dabbobinsa ke kiwo.

A watan Mayun 1861 Gabriel Read ya samu zinariya kusa da inda garin Lawrence yake a yanzu. Nan take lardin Otago ya cika da masu neman arziki, akasarinsu daga filayen haƙa na Biktoriya a Ostireliya, wasu ma tun daga Kalifoniya suke bin sawun zinariya. Da wuraren farko suka cika, sai mutane suka riƙa kutsawa cikin duwatsu suna gwada kowane rafi.

Kafuwar gari

A shekarar 1862 wani Bamawori mai suna Jack Tewa, wanda ke aikin askin tumaki a wurin Rees, ya ga zinariya a cikin kogin Arrow. Ba shi ya ci ribar abin ba. Waɗanda suka biyo baya, irin su William Fox da Thomas Low da John MacGregor, su suka duƙufa haƙa a ɓoye na tsawon makonni, suna tara abin da suka tara. Fox ya fi kowa suna a cikinsu, domin duk sa'ad da ya fita sayen guzuri sai mutane su bi shi a baya, shi kuma ya yi ta zille musu cikin duwatsu. Amma zancen duniya ba ya ɓuya. Kafin shekarar ta ƙare, maza kusan 1,500 sun kafa tantuna a bakin kogin, ana kiran zangon da sunan Fox. A farkon 1863 ayarin farko da ya fita da zinariya bisa rakiyar 'yan sanda ya ɗauki oza 12,000, wato kimanin kilo 370.

Aikin na ƙarfi ne da haƙuri. Mutum zai tsaya cikin ruwan da ya gangaro daga dusar ƙanƙara, ya ɗebo tsakuwa da yashi a faranti mai faɗi, ya yi ta juyawa yana zubar da na sama, kamar yadda ake rege shinkafa a ƙwarya. Da yake zinariya ta fi yashi nauyi nesa ba kusa ba, ita ke saura a gindin farantin. Masu ɗan jari sukan haɗa kai su haƙa magudana, su karkato ruwa ya bi ta cikin dogon kwararon katako mai ƙananan shingaye da ke tare ƙwayoyin zinariya.

Zangon farko a kan yashin bakin kogi aka yi shi, kuma kuskuren bai daɗe bai bayyana ba. A hunturun 1863 ruwa ya yi ambaliya a kogunan yankin, ya share tantuna da ramuka, ya ci rayuka. Daga nan mutane suka hau tudu, suka fara gini da katako da kuma dutsen yankin mai fitowa falle-falle. Titin Buckingham ya zama zuciyar gari, da shaguna da masaukai da banki da ofishin gidan waya. A lokacin da kasuwar zinariya ke ci sosai, jama'ar yankin ta haura dubu bakwai.

Kwarin a wancan zamani kusan fako ne, ciyawa da ƙananan kurmi kawai, har itacen girki wahalar samu yake yi. A 1867 mazauna garin suka shuka jerin itatuwan da suka saba gani a Turai a gefen titin Buckingham, gaban ƙananan gidajen mahaƙa. Wannan shuka ta nuna cewa akwai waɗanda suka yanke shawarar zama, ko zinariya ta ƙare. A 1874 garin ya samu majalisarsa da magajin gari, a 1876 aka gina gidan yari na dutse, wanda yake tsaye har yau.

Unguwar Sinawa

A 1865 labarin sabuwar zinariya ya ɓulla a gaɓar yammacin tsibirin, mahaƙa Turawa suka kwashe suka nufi can. 'Yan kasuwar birnin Dunedin da hukumar lardi suka ga ciniki zai mutu, sai suka aika wa Sinawan da ke haƙa a Biktoriya goron gayyata. Rukunin farko ya sauka Dunedin a 1866, daga baya wasu suka riƙa zuwa kai tsaye daga lardin Guangdong na kudancin Sin. Talakawan ƙauye ne, sun baro mata da 'ya'ya da niyyar su tara abin da za su tara su koma gida. Ƙidayar 1881 ta nuna Sinawa 5,004 a duk ƙasar, mata tara kacal a cikinsu.

Waɗanda suka zo Arrowtown ba su samu wuri a kan tudu ba. A gefen rafin Bush Creek suka zauna, a ƙarshen gari, cikin kwari mai inuwa inda sanyin hunturu ya fi cizo. Bukkokinsu ƙanana ne ƙwarai, na laka da dutse da ciyawa da gwangwanayen kananzir da aka buɗe aka miƙar, wasu ma jikin dutse ne bangonsu na baya. Sun riƙa karɓar ramukan da Turawa suka bari suna sake wanke yashin a tsanake, suna fitar da abin da gaggawa ta sa aka tsallake. Wasu suka koma noman lambu suna sayar wa gari kayan miya.

Babban gini a unguwar shi ne kantin dutse da aka gina a 1883, wanda daga baya ya koma hannun wani dattijo mai suna Ah Lum, har ake kiransa da sunansa. Kanti ne, kuma zaure ne: a nan ake sayen shinkafa da shayi da magani, a nan ake ajiyar kuɗi, a nan baƙo ke kwana a ɗan ɗakin sama. Ah Lum ya iya Turanci da rubutun Sinanci, don haka shi ne tafinta, shi ne mai rubuta wa jama'a wasiƙar gida. Turawan gari ma suna ganin girmansa, musamman saboda ya taɓa ceton wani mahaƙi Bature daga nutsewa a kogin Shotover.

Hukuma kuwa ta ci moriyar ganga ta yada kwaurenta. A 1881 majalisar ƙasa ta ɗora wa duk Basine mai shigowa harajin fam 10, a 1896 ta mayar da shi fam 100, kuɗin da ya sa ɗauko iyali ya gagari kusan kowa. Dokar fansho ta tsofaffi ta 1898 ta cire Sinawa. Haka waɗanda ba su tara kuɗin komawa ba suka tsufa a bukkokinsu, babu mata, babu 'ya'ya a kusa. Burin da ya rage wa mutum shi ne a kai ƙasusuwansa gida. A 1902 jirgin ruwa mai suna Ventnor ya tashi da gawarwakin Sinawa 499 da aka tono daga maƙabartun ƙasar, amma ya nutse a kusa da Hokianga. Ƙasusuwan da teku ya turo gaɓa, Mawori na wannan yanki ne suka tsince su suka binne cikin mutunci. Ba a soke harajin ba sai 1944, kuma sai a 2002 Firaminista Helen Clark ta nemi gafarar Sinawan ƙasar a madadin gwamnati.

Bayan zinariya

Garuruwan haƙa da yawa a Otago sun zama kufai. Macetown, mai tazarar kilomita 15 a can saman kogin, misali ne: yau sai 'yan gine-gine da tsofaffin injinan niƙa dutse. Arrowtown ya tsira ne domin yana da gonaki a kewaye, ya koma kasuwar manoma da makiyaya. Wata gobara a 1896 ta cinye wani ɓangare na babban titi, aka sake ginawa. Duk da haka jama'a ta yi ta raguwa, har a shekarun 1960 mazaunan dindindin ba su kai 200 ba.

Rashin kuɗi ya yi wa garin rana ta wata fuska, domin babu mai halin rushe tsohon gini ya ɗora sabo. Da aka buɗe filin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara na Coronet Peak a 1947, aka kuma kafa gidan tarihi na yankin a 1948, sai masu hutu suka fara sayen tsofaffin gidaje. Yanzu akwai ƙa'idoji masu tsauri kan siffar duk abin da za a gina a tsohon gari. Unguwar Sinawa kuwa ta daɗe a cikin ciyawa. Sai a 1983, sa'ad da madatsar ruwa ta Clyde ke shirin nutsar da irin wannan unguwa a garin Cromwell, masana suka zo suka tono ta Arrowtown, aka gyara kantin Ah Lum, aka sake tayar da wasu bukkoki a kan tushensu.

Hanyar bakin kogi

Daga titin Buckingham, gangara ce ta 'yan mintuna zuwa filin ciyawa na bakin ruwa. Idan aka yi hagu, ana isa unguwar Sinawa, inda siririyar hanya ke zagaya bukkokin, da allunan bayani a gefe, kuma shiga kyauta ne. Yara kan so leƙa ciki, babba kuwa sai ya sunkuya kafin ya wuce ƙofa. Rabin sa'a ta isa a gama.

Idan aka yi dama, sai a bi kogi ta inda yake gangarawa, a ƙetare gadar ƙafa, a dawo ta ɗaya gaɓar. Zagayen bai fi kilomita huɗu da ɗoriya ba, kusan duk shimfiɗe yake, kuma inuwar itatuwa ta rufe mafi yawansa. Ruwan garai-garai ne, ana ganin duwatsun ƙasansa, akwai kuma wurare marasa zurfi da iyalai ke zama su ci guzuri. Masu keke ma na bin wani sashe na hanyar, saboda haka a riƙe hannun ƙananan yara a kwana, a kuma yi hattara da kogin bayan an yi ruwan sama.

Wannan sashe na kogin yana cikin wuraren da gwamnati ta keɓe wa jama'a su gwada sa'arsu ba tare da lasisi ba, muddin da kayan hannu ne. Ana hayar faranti a gidan tarihi. Abin da akan samu bai wuce 'yan ƙwayoyi masu ƙyalli ba, amma minti goma da hannu cikin wannan ruwan sanyi kan koya wa yaro wahalar da mahaƙa suka sha fiye da dogon bayani.

Mai sauran ƙarfi zai iya hawa hanyar Tobin, wadda aka sare a jikin dutse a shekarun 1870 don haɗa garin da tudun da ke samansa. Hawan na sa haki, amma daga sama ana hango garin da tafkin Hayes da jerin duwatsun Remarkables. Masu sha'awar fina-finai kuma kan taka zuwa sama da gari kaɗan, inda aka ɗauki wani ɓangare na fim ɗin The Lord of the Rings.

Da yake ƙasar tana kudancin duniya, lokutanta sun saɓa da na Turai: ɗumi daga Disamba zuwa Fabrairu, hunturu daga Yuni zuwa Agusta. A watan Afrilu ne ganyen itatuwa ke rikiɗa ja da ruwan ɗorawa, a lokacin ne kuma garin ke bikinsa na shekara, masaukai su cika maƙil. Mai son tafiya a natse ya fito da sassafe, ya fara da unguwar Sinawa kafin ya hau babban titi, domin tarihin Arrowtown ba ya cika sai an haɗa na mutanen tudu da na mutanen kwari.