Intanet ta layin wayar girke: yadda ake haɗa ta da kwamfutar gida, da abin da ya kamata a sani kafin a kashe kuɗi

A ranar 30 ga watan Satumba na 2025 kamfanin AOL na Amurka ya rufe hanyarsa ta shiga intanet ta layin wayar tarho, bayan ya shafe fiye da shekara 30 yana ba da ita. Wannan hanya ita ce ta fara shigar da intanet gidajen mutane a duniya, kuma ita ce ta fara kawo ta nan Nijar. Yaran yanzu da suka tashi suka tarar da WhatsApp a aljihu ba su san ta ba. Amma har gobe tsofaffin kwamfutocin da ƴan uwa ke aiko mana daga waje, ko waɗanda ake sayarwa na hannu a kasuwa, wasu na zuwa da ƴar ƙaramar kafar waya a jikinsu, sai mai ita ya yi ta tambayar me ake sa wa a ciki. Shi ya sa muka ga ya dace mu ajiye bayanin a nan.

Abin da ake nufi

Layin wayar girke, wato waccan mai igiya da ake ajiyewa bisa tebur, an yi shi ne don ɗaukar muryar mutum. Ita kuwa kwamfuta ba ta san murya ba, lissafi kawai ta sani, sifiri da ɗaya. Don haka sai aka ƙera wata na'ura da ake kira modem, ta zauna tsakani kamar tafinta: ta karɓi lissafin kwamfuta ta mayar da shi ƙara, ta tura cikin layi, wata modem ɗin da ke can wajen kamfani ta karɓi ƙarar ta sake mayar da ita lissafi. Ke nan kwamfutarka kiran waya take bugawa, kamar yadda za ka kira ɗan uwanka, sai dai wanda zai ɗauka na'ura ce. Wanda ya taɓa jin ƙarar nan ba ya mantawa, tsuwa da ƙugi da shuu na kamar daƙiƙa ashirin ko talatin. Ba lalacewa ba ce, gaisuwa ce na'urorin biyu ke yi, suna gwada lafiyar layin don su daidaita a kan saurin da zai iya ɗauka.

Abin ya daɗe. Tun 1962 kamfanin wayar Amurka ya fitar da modem mai suna Bell 103, mai tura bit 300 a daƙiƙa. A 1981 kamfanin Hayes ya fitar da wadda ke buga lamba da kanta idan kwamfuta ta ba ta umarni. Daga nan sauri ya yi ta hawa, 14,400, sai 28,800, sai 33,600, har ya tsaya a 56,000 a shekarar 1998. Nan ne iyaka, domin hanyar da kamfanin waya ke ware wa kowane kira ɗaya ba ta wuce bit 64,000 a daƙiƙa.

A ƙasarmu, a ƙarshen shekarun 1990 ne Sonitel ta fara ba da intanet, kuma waɗanda suka yi aikin ofis a wancan zamani za su tuna adireshin wasiƙa masu ƙarewa da intnet.ne. Galibi ma'aikatun gwamnati ne da ƙungiyoyin agaji da manyan ƴan kasuwa na Yamai suka fara samu, sauran jama'a kuwa sai a siberkafe, a biya kuɗin awa. Ita Sonitel ɗin an haɗe ta da SahelCom a 2016 suka zama Niger Telecom.

Kayan da ake bukata

Na farko layin wayar girke mai rai, irin wanda lambarsa ke farawa da 20, wanda idan ka ɗaga kan wayar za ka ji sautin nan mai tsawo. Layin salula ba ya wannan aiki. Na biyu modem. Wata tana cikin cikin kwamfutar, kafarta kawai ake gani a baya ko a gefe. Wata ƴar akwati ce ta waje mai fitilu, wata kuma ƴar ƙarama ce da ake soka wa a kafar USB. Ta waje ta fi sauƙin sha'ani, don fitilunta na nuna maka abin da ke gudana, kuma in ta ƙone ba sai an buɗe kwamfuta ba. Sai igiyar waya, sai kuma abin da ya fi duka muhimmanci: abonema a wajen kamfanin da ke ba da intanet, wanda zai ba ka abu uku, lambar da modem za ta kira, sunan shiga, da kalmar sirri.

A nan ne mutane ke asara, to a saurara da kyau. Modem ba ta da intanet a cikinta. In babu kamfanin da ke da lambar da za a kira, da na'urar da za ta ɗauka a can, modem ɗinka ba ta da maraba da wayar da ba kowa a ɗaya gefen. Kamfanoni sun koma ADSL da fibir da rezo na salula. Don haka kafin ka ba wani ko dala ɗaya don ya sayar maka da tsohuwar modem, je ofishin kamfanin wayar garinku ka tambaya ko suna ba da lambar shiga ta wannan hanya. In suka ce babu, magana ta ƙare, ka ajiye kuɗinka. Ƴan uwa na waje ma, kada a cika jaka da irin waɗannan kaya a biya kuɗin awo a banza.

Wani ruɗanin kuma na kafofi ne. A jikin tsohuwar kwamfuta za ka ga kafofi biyu masu kama da juna. Ƙaramar, ita ce ta layin waya, sunanta RJ-11. Babbar mai ƴan haƙoran ƙarfe takwas, ita ce RJ-45, ta igiyar rezo da ke fitowa daga akwatin ADSL ko fibir. Kan igiyar waya na iya shiga babbar kafar har ya yi kamar ya zauna, amma ba zai yi aiki ba, kuma yana iya lanƙwasa haƙoran.

Yadda ake haɗawa

A bayan modem galibi akwai kafa biyu, ɗaya an rubuta LINE, ɗaya PHONE. Igiyar da ta fito daga bango ta shiga LINE, wayar gida kuma ta koma PHONE, don kada a rasa ta. Kafin komai, ɗaga wayar ka tabbatar akwai sauti.

Sai a kunna kwamfuta. Tunda yawancin namu da Faransanci suke, ga sunayen yadda za ka gan su. A Windows 95 da 98 wurin sunansa Accès réseau à distance, sai ka zaɓi Nouvelle connexion. A Windows XP akwai Assistant Nouvelle connexion da ke bin ka da tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Har a Windows 10 da 11 wurin bai ɓace ba, yana ƙarƙashin Réseau et Internet da sunan Accès à distance. Duk ɗaya ne abin da za a tambaye ka: lambar kira, sunan shiga, kalmar sirri. Rubuta su daidai yadda aka ba ka, don babban baƙi da ƙaramin baƙi ba ɗaya ba ne a wajen na'ura. In a ofis kake, inda sai an danna 0 ko 9 kafin a samu layin waje, sa wannan lamba a gaba, ka bi ta da waƙafi. Waƙafin na sa modem ta ɗan dakata kafin ta ci gaba. Akwai kuma zaɓi tsakanin bugun sauti da bugun tsohon yayi irin na waya mai juyawa da yatsa. Kusan duk layukan yanzu na sauti ne.

Ka danna haɗawa, ka ji ƙarar, sai ta yi shiru. Shirun nan shi ne alamar an shiga. Ƴar alamar kwamfutoci biyu za ta fito a ƙasa kusa da agogo, ta nuna maka saurin da aka samu. Daga wannan daƙiƙa kuɗi ya fara tafiya.

In ta ƙi shiga, Windows na ba da lamba, kuma sanin lambar na hana ka ɗaukar kwamfuta zuwa wajen mai gyara a banza. Lamba 680 na nufin modem ba ta ji sautin layi ba: duba igiya, ko wani ya ɗaga waya a wani ɗaki, ko an yanke layin. 676, layin kamfani ne a cike, sai haƙuri a sake gwadawa. 678, an kira ba a ɗauka ba, duba ko lambar daidai take. 691 kuwa, an ƙi sunanka ko kalmar sirrinka, ko dai kuskuren rubutu ne ko abonema ta ƙare.

Sauri, da maganar kuɗi

An rubuta 56 a kwali, amma da wuya ka gan shi. Layi mai kyau kan ba da arba'in da wani abu. Tsohon layi mai shuu, ko gidan da ke nesa da cibiyar waya, ya faɗo 33 ko 28 ko ƙasa da haka. Kuma 56 ɗin na saukowa ne kawai, turawa a yawancin modem ba ta wuce 33,600.

Bari mu mayar da shi lissafin da kowa zai gane. A mafi kyawun hali, kilobayit 7 ne ke saukowa a daƙiƙa. Wasiƙar rubutu zalla mai shafi guda, kafin ka ƙifta ido ta iso. Hoto ɗaya irin wanda salular yanzu ke ɗauka, mai megabayit 3, zai ci minti 7 wajen saukowa, wajen turawa kuma kusan minti 12. Jiga ɗaya da matasa ke saye su cinye a yini da kallon bidiyo, ta wannan hanya sai an yi kusan awa 40 ba tsayawa. Kiran bidiyo da ɗan da ke Libiya ko Abijan kuwa, a cire shi daga lissafi. Shafukan intanet na yau ma sun yi nauyi ƙwarai, an cika su da hotuna da tallace-tallace, ba don irin wannan layi aka gina su ba.

Kuɗin kuma kashi biyu ne, abin da sababbin shiga ba sa lura da shi sai faktir ta zo: akwai na abonema, akwai na kiran wayar kansa, wanda ake ƙirgawa da minti. In lambar da kake kira ta wani gari ce, misali kana Tawa ko Damagaram lambar kuma ta Yamai, ka tambaya tun farko ko farashin kiran gari za a yi maka ko na nesa, don bambancin na iya cinye albashi. Waɗanda suka iya abin a wancan lokaci suna da dabara, kuma a ganinmu dabara ce mai kyau: su rubuta duk wasiƙunsu a Outlook Express layi na rufe, su haɗa, su tura su karɓa cikin minti biyu ko uku, su yanke, sannan su zauna su karanta a natse. Rufe shafin da kake kallo ba ya yanke kiran. Sai ka je kan ƴar alamar nan ka danna Déconnecter, in kana shakka ka ɗaga waya ka ji ko sauti ya dawo. Mutum na iya kwana layinsa a buɗe bai sani ba.

Sannan duk lokacin da kake ciki, wayar gidan a toshe take. Mai kira daga waje zai yi ta jin layi a cike, ko da kuwa saƙon rasuwa ne ko na haihuwa. In wani ya ɗaga waya a ɗaki, haɗin ya katse, abin da kake saukewa ya koma farko. Gidaje da yawa sun yi rigima a kan wannan, shi ya sa akan bar intanet sai dare.

Haɗari biyu

Na farko tsawa. Igiyar waya na tafiya mai nisa bisa turaku a sarari, kuma da damina, daga Yuni zuwa Satumba, walƙiya ko da ba a kan gidanka ta faɗi ba tana iya biyo igiyar ta ƙone modem, wani lokaci har da kwamfutar. Kashe na'ura bai isa ba. Da ka ga hadari ya haɗo, zare igiyar waya daga bango, ka zare ta kuran. Wasu ondiler na da kafar kariya ta layin waya, tana taimakawa, amma zarewa ta fi tabbas.

Na biyu ƴan damfara. A zamanin da wannan hanya ke tashe an yi ta yaɗa wasu ƙananan manhajoji da ke shiga kwamfuta a ɓoye, su canza lambar da modem ke kira zuwa wata ta ƙasar waje mai tsadar gaske. Mai gida na ganin intanet na tafiya lafiya, sai ƙarshen wata ya ga abin da ya fi ƙarfinsa. Maganinsa a riƙa duba lambar da ke rubuce kafin a danna haɗawa, kada a kashe ƙarar modem don a ji in ta buga kira da kanta, kuma a nemi kamfanin waya ya rufe kiran ƙasashen waje a layin in ba a bukatarsa.

Inda ta bar sawu

ADSL ma ta igiyar wayar girke take bi, amma ba kira take bugawa ba. Tana amfani da wani sashe na layin da murya ba ta kaiwa, shi ya sa ake iya waya da intanet a lokaci guda, da ɗan matacin da ake sa wa a bango. Modem ɗinta daban ce, tsohuwar ba ta yin aikinta.

Waɗanda kuma suka yi amfani da kilen intanet, wadda ake sa wa sim a soka a kwamfuta, sun bi tsohuwar hanyar ba tare da sun sani ba. Da yawa daga cikin waɗannan kile, Windows na ɗaukar su a matsayin modem ce mai buga kira, lambar da suke bugawa kuwa ita ce *99#. Don haka in tsohuwar kilenka ta nuna maka 678 ko 691, fassarar da muka bayar a sama tana nan da amfaninta, sai dai a maimakon igiyar bango, rezo da kiredin sim ɗin za ka fara dubawa. Wanda kuma ke ƙauyen da turakun waya ba su taɓa zuwa ba, yana da kwamfuta yana son shiga, hanyar da ta fi kusa da shi ita ce ya buɗe rabon intanet a salularsa, wanda a wayoyi masu Faransanci ake rubutawa Partage de connexion ko Point d'accès, ya haɗa kwamfutar da ita ta Wi-Fi ko ta igiyar caji.