Ɗakin tulluwa da tagar sama: ta ina ruwa ke shiga?

A unguwannin Garwa irin su Poumpoumré, rufin kwano ne ya fi yawa, kuma kowa ya san halinsa a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Shi ya sa wasu ke waiwayar ɗakin tulluwa, wato mai rufin kubba. Tambayar da ke biyo baya ita ce ko tagar da ake buɗewa a ƙoli domin haske tana yoyo.

Irin wannan gini ba baƙo ba ne a arewacin Kamaru. Al'ummar Musgum da ke yankin Pouss da Maga, kusa da Kogin Logone, suna da ɗakin da suke kira "teleuk", na yumɓu zalla, ba azara ba ginshiƙi, wani har ya kai tsawon mita 9. Bangon na da kauri a ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa. A can ƙoli akwai kafa guda ta fitar hayaƙi da zafi, wadda ake rufewa da murfi idan damina ta kama. Zanen da ke fitowa a jikin bangon yana karya ƙarfin ruwan sama, kuma shi ne matakalar mai hawa ya yi yaɓe. Marubucin Faransa André Gide ya ga waɗannan ɗakuna a 1926, ya kuma yabe su.

Maginan Hausa sun bi wata hanya. A soro mai bakan gizo, irin na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, akan bar tulluwa a rufe, haske ya shigo ta ƙananan tagogin bango, ruwa kuma ya sauka ta indararo. Laso da makuba ke kare rufin.

Shi gilashi ba ya yoyo. Ruwa na bi ne ta mahaɗarsa da gini. Ƙarfe, siminti da yumɓu ba sa buɗewa da tsukewa daidai da juna idan rana ta gasa su, sai tsaga ta fito, siririya kamar gashi, ruwan Agusta kuwa ba ya raina ta. Garwa na samun kimanin milimita 1,000 na ruwa a shekara, mafi yawa tsakanin Mayu da Oktoba. Maganin shi ne a ɗaga wa tagar wuya sama da rufin, murfin ya zarce wuyan ta kowane gefe kamar malafa, sannan a duba mahaɗar kafin ruwan farko. Shafa siminti a kan yumɓu dabara ce mai yaudara: yana ɓamɓarewa, ruwa ya maƙale a bayansa yana cin bango.

Wata matsalar ba ta ruwa ba ce. Da tsakar rana a Garwa rana kusan tsaye take a ka, don haka babban gilashi a ƙoli kan mayar da ɗaki tanda. Ƙaramar kafa mai murfin da ake iya ɗagawa ta fi dacewa da wurin.