Daga Tallar Takalmi Zuwa Silima: Tarihin Fim Ɗin Space Jam

Manufar wannan maƙala ita ce a bi asalin fim ɗin nan na Amurka mai suna Space Jam, wanda kamfanin Warner Bros. ya fitar cikin watan Nuwamba na 1996, a kuma duba abin da ya gadar.

Haɗa ɗan Adam da zane mai motsi cikin fim ɗaya daɗaɗɗen abu ne. Tun 1945 Gene Kelly ya taka rawa da ɓeran nan Jerry a cikin Anchors Aweigh, a 1988 kuma Who Framed Roger Rabbit ya ɗaukaka wannan fasaha ƙwarai. Abin da ya bambanta Space Jam shi ne mafarinsa, watau talla. A 1992 kamfanin Nike ya haɗa Michael Jordan, gwanin ƙwallon kwando na ƙungiyar Chicago Bulls, da zomon zane Bugs Bunny don tallar takalmi. Tallar ta karɓu, aka sake wata a 1993. Joe Pytka, wanda ya shirya ta farkon, shi aka danƙa wa jagorancin fim ɗin.

Labarin kuwa an gina shi ne kan wani giɓi na gaskiya cikin rayuwar Jordan. A watan Oktoba na 1993, 'yan watanni bayan an kashe mahaifinsa, ya bar ƙwallon kwando ya koma wasan besbol, inda bai taɓuka abin kirki ba, sa'an nan ya dawo a watan Maris na 1995. Fim ɗin ya cike wannan giɓi da tatsuniya. Wasu halittu daga wata duniya sun zo kame Bugs da 'yan'uwansa, suka sace gwanintar 'yan wasa 5, cikinsu har da Charles Barkley da Patrick Ewing, sai aka jawo Jordan ya kawo ɗauki. Rasuwar uba an wuce ta da ishara kawai, gazawa a besbol kuma ta zama abin raha. A lokacin ɗaukar fim ɗin a 1995 kamfanin ya gina masa filin atisaye na musamman, kakar da ta biyo baya kuwa ƙungiyarsa ta ci wasa 72 cikin 82. Saboda haka ran da fim ɗin ya fito, tatsuniyar ta riga ta sami shaida.

Ta fuskar kuɗi an ci riba: kimanin dala miliyan 80 aka kashe, aka sami fiye da miliyan 230, ban da cinikin riguna da kayan wasan yara. Amma fa akwai wanda ya yi hasara, shi ne Bugs. Tun bayyanarsa a 1940 halinsa irin na Gizo ne a tatsuniyoyinmu, ƙaramin da ke kā da babba da wayo. A nan kuwa an mai da shi mai neman agajin ƙaƙƙarfa. Chuck Jones, wanda ya daɗe yana shirya finafinan wannan zomo, ya soki fim ɗin a kan haka, yana ganin Bugs na ainihi da kansa zai gama da baƙin. A ganina yana da gaskiya, domin wayon da sai an taimaka masa da tsalle ya tashi daga wayo.

An yi ƙoƙarin maimaita nasarar sau biyu. Looney Tunes: Back in Action na 2003, wanda Jordan ba ya cikin taurarinsa, bai mai da kuɗinsa ba. A 2021 aka fitar da Space Jam: A New Legacy, LeBron James ya maye gurbin Jordan, aka cika shi da taurarin sauran finafinan kamfanin, har ya zama tamkar kundin hajar Warner Bros. An kashe kimanin dala miliyan 150, abin da ya shigo daga gidajen silima kuwa da kaɗan ya ɗara haka, ko da yake an sake shi a HBO Max rana ɗaya, ga kuma annobar korona.