Kalma Nawa Ta Isa Shaida? Tarihin Neman Takardu ta Hanyar Fihirisa da Misalin Rijiyar Zaki

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a cikin wannan maƙala ita ce mu bi diddigin wata tambaya wadda ta daɗe tana damun masu adana takardu da masu nazarin tarihi. Idan mai bincike ya zo da kalmomi uku ko huɗu yana neman takarda, kalma nawa ya kamata a samu a cikinta daidai wa daida kafin a ce ita ce ake nema? Za mu duba asalin wannan ƙa'ida, sa'an nan mu gwada ta a kan sunan Rijiyar Zaki, domin mu nuna cewa ƙa'idar da aka gina a kan Ingilishi takan yi wa takardun Hausa kwange idan ba a yi hattara ba.

2.0 Fihirisa Kafin Na'ura

Ƙidayar kalmomi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Alarammomin tsangayu suna da ilmin da suke kira harji, watau sanin sau nawa wata kalma ko wani lafazi ya zo a cikin Alƙur'ani, da wuraren da ya zo. Fihirisarsu a ka take, sukan kuma sa alamunta a gefen shafi. A ƙasar Masar kuwa, Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi ya fitar da fihirisar lafuzzan Alƙur'ani a 1945.

Fihirisar rubuce-rubucen malamanmu ta zamani ta soma ne a shekarun 1950. W. E. N. Kensdale ya tsara ta littattafan Larabci da ke laburaren Ibadan tsakanin 1955 da 1958. A 1964 aka kafa Shirin Binciken Tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a 1965 kuma Aida Arif da Ahmad Abu Hakima suka buga fihirisar rubuce-rubucen da ke Jos da Kaduna. Matsalar da waɗannan magabata suka fuskanta ita ce, littattafanmu warwara ne a cikin gafaka, ba a ɗinke suke ba, sau da yawa ma shafin farko ya ɓata. Saboda haka sai su nemi shaidu: sunan littafi, da sunan mawallafi, da mabuɗinsa, da marufinsa. Bisimilla da salati ba su zama shaida, domin kusan kowane littafi da su yake farawa. Idan shaidu biyu ko uku suka dace da wani kofe sananne, sai a yanke hukunci. Ashe ke nan tun kafin kwamfuta suna aiki da ƙa'idar mafi ƙarancin dacewa.

3.0 Yadda Ƙa'idar Ta Shiga Na'ura

A farkon shekarun 1950 wani Ba'amurke, Mortimer Taube, ya ɓullo da wata dabara: kowace kalma a ba ta kati guda, a jera lambobin takardun da ta fito a cikinsu. Mai nema sai ya zaro katunan kalmominsa ya gwama, lambar da ta fito a kowane kati ita ce takardarsa. Illar wannan hanya ita ce, takardar da ta rasa kalma ɗaya tak ta faɗi.

Wanda ya auna lamarin da ma'auni shi ne Cyril Cleverdon a Cranfield ta ƙasar Ingila. A cikin rahotonsa na 1966, ya gwada takardu 1,400 na ilmin ƙirar jirgin sama, yana jera su bisa yawan kalmomin da suka dace da tambaya: masu biyar a sama, sai masu huɗu, har zuwa masu ɗaya. Abin da ya tabbata shi ne, in aka ɗaga adadin da ake buƙata, abin da zai fito tsaba ne, amma an zubar da hatsi mai yawa. In aka sassauta, hatsi zai ƙaru, amma tare da tsakuwa. A 1972 Karen Sparck Jones ta Jami'ar Kambirij ta ƙara wani gyara, cewa kalmomi ba nauyinsu ɗaya ba, wadda ba ta cika fitowa ba ita ta fi ƙarfin shaida. Wannan kuwa shi ne dalilin da ya sa masu fihirisarmu ba su ƙidaya Bisimilla.

Takardun Kano sun shiga irin wannan tsari daga baya. Laburaren Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa wanda ya rasu a 1962, yana Jami'ar Northwestern ta Amurka, da rubuce-rubuce fiye da 3,000. Fihirisarsa tana cikin rumbun kwamfuta na rubuce-rubucen Afirka ta Yamma wanda Charles Stewart ya soma a ƙarshen shekarun 1980.

4.0 Misalin Rijiyar Zaki

Rijiyar Zaki tana kan hanyar Gwarzo, a ƙaramar hukumar Ungogo, kusa da sabon mazaunin Jami'ar Bayero. Tana cikin karkarar nan mai cunkoson jama'a da ta kewaye birnin Kano, wadda Mortimore da Wilson suka yi nazarinta a 1965. Yau gidaje sun cinye yawancin gonakinta, don haka mai son sanin tarihin ƙasarta dole ya koma ga takardu: rahotannin haraji, da aikin malaman taki masu awon gonaki, da takardun shari'ar gado.

To, mu ɗauka mai bincike ya zo da kalmomi uku: rijiyar, zaki, Ungogo. Idan ya yarda da kalma ɗaya, Rijiyar Lemo za ta shigo, haka kowace takarda da aka yi wa sarki kirari da zaki. Idan ya nace sai ukun sun cika, zai rasa duk takardar da ba ta ambaci Ungogo ba, alhali iyakokin gundumomi sun sha canzawa tun bayan da Turawa suka ci Kano a 1903. Biyu cikin uku ita ce tsaka-tsaki, amma ita ma za ta kawo masa takardar da ta yi zancen haƙa rijiyar wani ƙauye na daban a Ungogo. Maganin nan shi ne na Sparck Jones: rijiya kalma ce ta yau da kullum, haɗuwarta da zaki ita ce shaidar da ta fi nauyi.

Akwai kuma matsalar da ta keɓanta ga harshenmu. A wurin na'ura mai neman dacewa harafi da harafi, rijiya daban, rijiyar daban, rijiyoyi daban. Gona, gonar da gonaki kalmomi uku ne da ba su san juna ba. Ƙugiyar haruffan ɓ, ɗ da ƙ ba ta zauna a rubutun boko ba sai a shekarun 1930, har yanzu kuma wasu ba su sa ta, ga shi kuwa na'ura ba ta ɗauki ƙasa da kasa abu guda ba. Daɗin daɗawa, akawun Turawa kowa da yadda ya rubuta sunayen garuruwa, har Ungogo da Ungoggo duka ana samu. Wanda ya nemi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da wannan rubutu zai wuce katin da aka rubuta Uthman b. Fudi bai sani ba. Na ajami kuwa ba su ma shiga lissafi ba, sai an juya su.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu ga cewa adadin kalmomin da ake buƙata hukunci ne na ɗan Adam, kuma kowane adadi da asarar da ke tattare da shi. Shawararmu ga ma'ajiyoyin takardu da ke Kano da Kaduna da Sakkwato uku ce. Ta farko, kowane suna a tara dukkan sigogin rubutunsa ƙarƙashin kati guda. Ta biyu, a mayar da kalmomi ga tushensu kafin a ƙidaya dacewa. Ta uku, a bar wa mai bincike ikon ɗaga adadin ko sassauta shi da kansa. Takardar da ke cikin fihirisa amma nema ba ya fito da ita, hukuncinta ɗaya da wadda gara ta cinye, kuma iyalan da haƙƙinsu na gona ke rubuce a cikinta su ne za su fara jin zafin rashinta.